Gudun Zaɓen Tumun Dare Wajen Ɗaukar Manhajar Saurare da Kallo

Zaɓe abu ne mai wuya, musamman idan abubuwan da aka jera wa mutum sun yi kama da juna a ido. Wannan ne ya sa Bahaushe ya kira mummunan zaɓe da suna zaɓen tumun dare, wato mutum ya shiga gonar gero cikin duhu, ya laluba zangarniyar da ta cika masa hannu ya karyo, sai ya kai ta bakin wuta sannan ya tarar ba ta yi ido ba. Irin wannan zaɓe ne muka lura mutane da yawa suna yi a duk lokacin da suka tashi ɗora wa kwamfuta ko wayar hannu manhajar da za ta riƙa kunna musu waƙa da bidiyo. Wani, wadda ya tarar a cikin na'urar ranar da ya saye ta ita ce tasa har na'urar ta mutu. Wani kuwa wadda mai gyaran waya ya sa masa, wani kuma wadda ya ga tana da kyan launi a wayar abokinsa. Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu bayyana abin da shekarun koyar da adabin baka suka nuna mana game da wannan zaɓe, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Mai karatu yana iya tambaya, shin me ya kawo zancen na'ura cikin mujallar adabi? Amsar ita ce, kaso mai tsoka na adabin Hausa a cikin murya yake zaune. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Hajiya Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da za a sake gayyata ya zauna gaban ɗalibai ya buɗe baki, saboda haka abin da ya rage mana na kotso da kalangu da ƙwarya da kuntigin da suka yi waƙa da su, shi ne ɗan abin da na'ura ta kama. Ana iya rubuta baitocin a takarda, kuma malamai sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen yin haka, to amma takarda ba ta ɗaukar inda mawaƙi ya ja numfashi, ko inda ya saki layi 'yan amshi suka cafe, ko inda makaɗi ya sa ganga ta faɗi abin da baki ya yi kawaici a kansa. Lamarin ya fi tsanani a gare mu da muke koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa. Takwaranmu da ke Kano ko Sakkwato ko Katsina yana iya cewa ɗalibansa su tafi ƙofar fada ranar hawan salla su ji tambari da algaita da kunnensu. Mu kuwa da yawa daga cikin ɗalibanmu a aji suka fara jin Hausa, wasu kuma a unguwannin Sabo ko a bariki suka tsince ta, ba su taɓa tsayawa a dandalin da ake kiɗan fada ba. Ga irin wannan ɗalibi, manhajar da ke kunna waƙar ita ce ƙofa guda da zai bi ya isa ga mawaƙin, idan ta ƙi buɗewa kuwa darasin ranar ya tashi ke nan.

A da, wannan zaɓe bai taso ba. Mu da muka tashi a zamanin kaset mun san rikoda da aiki ɗaya tak, a zura mata kaset, a danna, ta yi waƙa. Kamfanin Philips ne ya fito da wannan ƙaramin kaset a 1963, kuma kowace rikoda, ƙirar Japan ce ko ta Jamus, tana karanta shi ba gardama. Iyakar abin da mai saurare ke bukata shi ne batir, sai kuma biro na naɗe zare idan rikoda ta tauna shi. Haka yake ga kaset ɗin bidiyo na VHS, wanda a kansa finafinan Hausa suka fara fitowa tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990, kafin faifan VCD da na DVD su zo su ture shi. A duk waɗannan zamunna, na'ura da abin da ake sa mata tare aka ƙera su, kamar wuƙa da kubenta. Da kwamfuta ta shigo sai aka raba su. Waƙa ta zama fayil, wato tarin lambobi marasa murya, waɗanda ba sa magana sai an sami manhajar da ta san yadda aka ƙulla su ta warware.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan ƙulli, domin a nan yawancin rigimar take. Sautin minti ɗaya a faifan CD yana cin wuri kimanin megabait 10. Wannan ya yi wa kwamfutocin farko da layukan intanet na lokacin nauyi, don haka masana, musamman na cibiyar Fraunhofer da ke Jamus, suka ƙirƙiro hanyar matse sauti da aka sani da MP3, wadda aka amince da ita a matsayin ma'auni na duniya a 1993. Dabarar ita ce a zubar da ɓangarorin sautin da kunnen ɗan'adam bai cika lura da su ba, kamar siririn sautin da ƙara mai ƙarfi ta danne, har minti ɗaya ya koma kimanin megabait 1. Kowace hanya ta matsewa da warwarewa irin wannan ana kiranta kodek, kuma suna da yawa, na sauti daban na hoto daban. Ban da kodek kuma akwai mazubin da ake haɗa sauti da hoto a ciki, irin su MP4 da AVI da MKV, waɗanda su ne haruffan da muke gani a ƙarshen sunan fayil. Misalin da mukan ba ɗalibai shi ne na wasiƙa. Mazubi shi ne ambulan, kodek kuwa shi ne rubutun da ke ciki, ko boko ko ajami. Mutum yana iya karɓar ambulan ya yage bakinsa lafiya lau, ya tarar rabin wasiƙar da boko aka rubuta rabi da ajami, ya karanta wanda ya iya ya bar sauran. Abin da ke faruwa ke nan idan aka kunna fim hoto ya fito babu murya, ko murya ta fito allo ya yi baƙi ƙirin. A nan manhajojin sun kasu gida biyu, akwai masu dogara da kodek ɗin da suka tarar a cikin kwamfuta, akwai kuma masu zuwa da nasu a cikin jaka.

Daga nan sharaɗinmu na farko ya fito, wato manhaja ta iya karanta duk wasiƙar da aka kawo mata. Wanda waƙoƙinsa duka a kanti ɗaya ya saye su ba zai ga muhimmancin wannan ba. Amma teburin malamin adabin baka kamar tashar mota yake, kowane irin fasinja yana sauka. A mako guda ana iya kawo mana tsohon faifan VCD wanda fim ɗinsa ke ɓoye cikin fayil mai ƙarewa da DAT, da hoton wasan dambe da aka ɗauka da tsohuwar waya a tsarin 3GP, da hirar da ɗalibi ya yi da kakarsa wadda wayarsa ta adana a tsarin AMR, da tatsuniyar da aka aiko ta WhatsApp a tsarin Opus, da kuma shirin rediyo da wani ya ajiye tun zamanin da ake sauraren tashoshin ƙasashen waje ta RealPlayer. Da yawa daga cikin waɗannan ba su da kwafi na biyu a ko'ina, kuma mai yiwuwa tsohuwar da ta ba da tatsuniyar ta riga mu gidan gaskiya. Manhajar da za ta ce ba ta gane fayil ba, ta tura mutum neman kodek a intanet, ta jefa shi cikin haɗari ne, domin shafukan da ke alkawarin ba da kodek kyauta sun daɗe da zama tarkon masu cusa wa kwamfuta ƙwayar cuta.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, sai an daɗe ana tare ake gane shi. Shi ne, ranar da muka ga damar rabuwa da manhaja, ta bar mu mu tafi da kayanmu. Manhajoji ma suna tsufa, suna sauya iyayen gida, suna mutuwa. Duk wanda ya taɓa kwamfuta a ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya san Winamp, wadda Justin Frankel da abokin aikinsa suka fitar a 1997, ta mamaye duniya tare da MP3. Kamfanin AOL ya saye ta a 1999, a ƙarshen 2013 ya sanar da zai rufe ta, sai wani kamfani na ƙasar Beljiyam ya karɓe ta a 2014, amma ba ta sake komawa kan gadonta na da ba. iTunes ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 2001, an raba ta gida uku a kwamfutocin Mac a 2019. Google kuwa ya rufe Google Play Music a 2020, ya ce masu ajiya a can su kwashe kayansu ko su koma wata manhajar tasa. Wanda waƙoƙinsa suke zaune a matsayin fayiloli cikin foldar da ya tsara da hannunsa, duk waɗannan sauye-sauye sun wuce ta kansa kamar hadarin da bai zubar da ruwa ba. Wanda kuwa ya miƙa wa manhaja ragamar komai, ta kwashe waƙoƙin ta zuba a rumbunta, ta tsara su yadda ita kaɗai ta gane, shi ne ya kwana da zullumi. Haka nan manhajojin da ke kwararo waƙa kai tsaye daga intanet, irin su Spotify da Boomplay da Audiomack, suna da daɗin sha'ani ga mai neman sababbin waƙoƙi, kuma ba mu hana kowa su ba. Sai dai a sani cewa haya ake yi. Waƙar da ke nan yau tana iya ɓacewa gobe idan yarjejeniya ta ƙare tsakanin kamfani da mai ita, kuma an daɗe da faɗa mana cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wani reshe na wannan sharaɗi da ya shafi suna. Magabatanmu masu kwafar littattafai da waƙoƙin ajami suna da al'ada mai kyau, idan sun kai ƙarshe sai su rubuta tamat, sau da yawa su ƙara da sunan mawallafi da na wanda ya kwafa, wani lokaci har da ranar da aka gama. Da wannan ɗan layi ne manazarta suke bin salsalar rubutu a yau. Fayil ɗin MP3 ma yana da irin wannan gurbi, wanda aka ƙirƙiro a 1996 ake kiransa ID3, inda ake rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da shekara. Amma mafi yawan tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a katin memori daga kasuwa zuwa kasuwa, gurbin nan fayau yake, ko kuma mai tura waƙa ya cike shi da sunan shagonsa. Wasu manhajoji kuma suna da karambanin cike gurbin da kansu. Idan aka sa musu faifan CD sai su ƙirga yawan waƙoƙin da tsawon kowace ɗaya, su tambayi wani rumbu a intanet ko wane faifai ne mai wannan siffa, duk sunan da aka ba su sai su liƙa. Da yake rumbun bai san faifan da aka kwafa a shagon bayan tasha ba, sai ya ba da sunan wanda ya fi kama da shi a lissafi. Mun taɓa ganin wata manhaja ta raɗa wa faifan kiɗan kotso sunan wata ƙungiyar mawaƙan Turai, har da hotonsu. Abin ya ba ɗalibai dariya, mu kuwa ya ba mu tsoro, domin idan fayil ɗin ya fita haka ya shiga hannu goma, nan da shekara ashirin wa zai iya faɗin mai waƙar? Saboda haka muna son manhajar da za ta nuna mana abin da ke cikin gurbin, ta bar mu mu gyara, kada kuma ta taɓa shi sai da izininmu. Duk da haka mukan umurci ɗalibai su rubuta sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙar, da wuri da shekara idan an san su, a jikin sunan fayil ɗin kansa, domin wannan kowace na'ura tana nuna shi.

Sharaɗi na uku shi ne biyayya. Mai saurare don nishaɗi yakan kunna waƙa ya bar ta ta tafi. Manazarci kuwa tsayar da ita yake yi ya mayar da ita baya, layi ɗaya sau goma ko fiye, har sai ya tabbatar da abin da ya ji. Duk wanda ya taɓa zama rubuta waƙar fada da aka rera da Sakkwatanci ko Zamfarci, ga kiɗa ya taso, ga 'yan amshi sun hau kan muryar ubangidansu, ga kuma kaset ɗin asali ya sha rana da ƙura, ya san irin gumin da ake yi a kan kalma guda. A zamanin rikoda wannan aiki yana cinye kaset, domin yawan mayarwa baya yana sa zare ya saki. Manhajar kirki tana da abubuwa uku da suka sauƙaƙa shi. Na ɗaya shi ne maimaita yanki, a sa alama a farkon layi a sa a ƙarshensa, ta yi ta zagaye tsakaninsu har a ce ta bari. Na biyu shi ne ɗan tsalle baya na daƙiƙa biyu ko uku daga madannai, ba tare da an ɗauke ido daga takarda ba. Na uku kuwa shi ne rage gudu ba tare da an taɓa kaifin murya ba.

Wannan na ukun yana bukatar bayani, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Wanda ya yi zamanin rikoda zai tuna yadda murya ke yi idan batir ya yi sanyi, gudu ya ragu, murya ta yi kauri, zabiya ta koma kamar namiji. A kaset, gudu da kaifin murya igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Manhajar zamani ta kwance wannan igiya, tana yanka sautin gunduwa-gunduwa ƙanana ƙwarai, ta jera su suna ɗan hawa kan juna, sai lokaci ya miƙe, murya kuwa ta tsaya inda take. Da haka ɗalibin da bai sha Hausa a nono ba yake samun sararin jin bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, waɗanda karin sautin gaɓar ƙarshe ne ya raba su. Amma a yi hattara, rage gudu yana jan wasali, tsawon wasali kuwa shi ne ya raba gari na mutane da gari na tuwo. Abin da muka gwada muka ga ya yi daidai shi ne a tsaya wajen kashi uku cikin huɗu na gudun asali. Idan aka gangara ƙasa da rabi sai murya ta fara rawa kamar ana magana cikin tulu, kowane gajeren wasali kuma ya yi kama da dogo. Kowane hali ake ciki, bayan an kama kalmar dole a koma a ji layin a gudun da mawaƙin ya rera shi.

Ta fuskar bidiyo, abin da ya fi damun malamin Hausa shi ne rubutun ƙasan allo. Mukan sa ɗalibai su rubuta maganganun wani yanki na fim ko wasan kwaikwayo, su fassara, a ɗora a ƙasan hoton. Fayil ɗin da aka fi yin wannan da shi, mai suna SRT, rubutu ne zalla, lambar layi, da lokacin da zai fito da lokacin da zai ɓace, sai layin kansa. A nan ne haruffanmu masu lanƙwasa suke shan wuya. Idan ba a adana rubutun a tsarin UTF-8 ba, ko manhajar ba ta karanta shi da wannan tsari ba, ko kuma salon haruffan da take amfani da shi ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar, sai a ga akwati-akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Ɗalibi kuma idan ya gaji da fama sai ya cire lanƙwasar baki ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙare ya koma kare. Don haka manhajar da za ta shiga ajinmu sai wadda ta yarda a zaɓa mata tsarin rubutu da salon haruffa, ta kuma yarda a matsa rubutun gaba ko baya idan ya riga magana ko ya makara.

Sharaɗi na huɗu shi ne kamun kai. Mawaƙan Hausa sukan tafi da sanƙira, mai yi musu shela ya faɗi kyautar da aka yi, kuma sanƙiran da ya san aikinsa ya san lokacin da zai ja bakinsa. Manhajoji da yawa, musamman na waya da ake bayarwa kyauta, ba su san wannan ladabi ba, domin da talla suke ci. Wata rana a aji muna tsakiyar sauraren wata marsiyya ta wayar wani ɗalibi da aka haɗa da lasifika, muka tsayar don yin bayani, da aka sake dannawa sai tallar caca ta cika ɗakin, hankalin da aka yi rabin sa'a ana tarawa ya watse nan take. Bugu da ƙari, talla data take ci, data kuwa kuɗi ce a aljihun ɗalibi. Wasu ma kafin su kunna waƙa sai sun nemi izinin ganin lambobin da ke cikin waya da kuma inda mutum yake tsaye. Me ya haɗa kunna waƙa da sanin abokan mutum? Araha dai ba ta ado. A wurin da wutar lantarki da layin sadarwa ba su da tabbas, muna bukatar manhajar da za ta yi aiki ko da an kashe intanet, wadda kuma ba za ta shanye batirin tsohuwar kwamfuta wajen nuna launuka masu rawa a allo ba.

Cikin kamun kai har da barin sauti yadda aka kawo shi. Akwai manhajojin da ke zuwa da ƙarin rugugin ganga a kunne, abin da ya dace da kiɗan disko amma yake binne muryar mawaƙi a tsohon ɗauka. Akwai kuma damar ɗaga murya fiye da kashi 100 cikin 100, wadda ke da amfani ga hirar da aka ɗauka daga nesa, amma idan aka yawaita sai sauti ya fashe. Sai kuma madannin gauraya waƙoƙi, mai tsamo su barkatai. Waƙar da ta yi tsawon da sai da aka juya kaset kafin ta ƙare takan fito a fayil biyu, gauraya kuwa sai ta raba farkonta da ƙarshenta, ta cusa wata a tsakani. Duk waɗannan abubuwa muna son su kasance a kashe, sai ranar da muka neme su.

To bayan duk wannan, wacce muka ɗauka? Babu wanda ya aike mu talla, amma ɓoye amsa bayan dogon bayani rowa ce. Wadda muka daɗe muna shiga aji da ita ita ce VLC. Asalinta aikin ɗalibai ne a makarantar injiniya ta École Centrale da ke kusa da Faris a ƙasar Faransa, waɗanda suka fara shi a 1996 don su riƙa aika bidiyo ta layin kwamfutocin makarantarsu. A 2001 makarantar ta yarda aka sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin zai bar musu irin wannan dama. Tambarinta, mazugin nan mai ruwan lemo da ake jerawa a titi, ya samo asali ne daga al'adar ɗaliban ta tara irin waɗannan mazugai. Tun 2009 wata ƙungiya mai suna VideoLAN, wadda ba ta neman riba, ke kula da ita a ƙarƙashin jagorancin Jean-Baptiste Kempf, kuma a watan Janairu na 2025 ƙungiyar ta sanar cewa an sauke ta sau biliyan 6. Tana zuwa da kodek ɗinta a jaka, ba ta talla, tana maimaita yanki, tana rage gudu, akwai madannan da ke mayar da ita baya da daƙiƙa 3, kuma ana samunta a Windows da Mac da Linux da wayoyin Android da iPhone. Mukan so mu tuna wa ɗalibanmu cewa tsaransu ne suka fara ta.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Fuskarta ba ta da ado, saitunanta kuma sun yi yawa, baƙo yana iya ɓata a cikinsu kamar wanda ya shiga Kasuwar Kurmi karo na farko. Haka nan ba gwana ba ce wajen tsara dubban waƙoƙi a taska. Ga mai wannan bukata a Windows akwai foobar2000, wadda Peter Pawłowski ɗan ƙasar Folan ya fitar a 2002, ba ta da nauyi, tana gyara gurbin suna na fayiloli da yawa a lokaci guda, tana kuma haɗa fayil da mai bi masa ba tare da yankewa ba. Ga mai tsohuwar kwamfuta kuwa akwai Media Player Classic, wadda masu kula da babban reshenta suka ajiye aikin a 2017, wasu suka ɗauka suka ci gaba, domin tsarin gininta a buɗe yake ga kowa. Wannan ita ce fa'idar buɗaɗɗiyar manhaja, mutuwar maigida ba ta rufe gidan. Kowacce dai mutum ya zaɓa, ya sauke ta daga shafin masu ita ko daga kantin manhaja na wayarsa, domin akwai na jabu masu sanye da rigar na ƙwarai.

Wajibi ne kuma mu faɗi iyakar abin da manhaja za ta iya. Aikinta kunnawa ne, adanawa kuwa aikin mai kaya ne. Kaset ɗin da ke cikin adakar kaka sai an haɗa rikoda da kwamfuta, an kwashe muryar da manhajar ɗaukar sauti irin su Audacity, an ajiye uwar kwafi a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai. Daga wannan uwa ake fitar da MP3 don yawo. Mayar da MP3 zuwa wani MP3 kuwa kamar yi wa fotokwafi fotokwafi ne, kowane karo rubutu yana ƙara dushewa. Katin memori da filas suna mutuwa ba sallama, saboda haka abin da ba shi da na biyu a ajiye shi wuri uku, ɗaya a wani gida daban. Sannan sauƙin kwafa bai halatta haƙƙin wani ba. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, amma tun kafin doka al'adarmu ta san cewa ba a sauraren mawaƙi a tashi hannu rabbana. Mawaƙin da ke raye a sayi aikinsa, wanda ya rasu kuwa a tuna yana da magada.

Daga ƙarshe, shawararmu ga mai karatu ita ce kada ya ɗauki zaɓenmu ya rufe ido, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya tanadi filas guda ya zuba masa fayiloli biyar: yankin tsohon VCD, da muryar da aka aiko ta waya, da doguwar waƙar fada, da ɗan bidiyo mai rubutun Hausa a ƙasa wanda ke da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma fayil mafi tsufa da yake da shi. Duk manhajar da aka yaba masa ya kashe intanet ya miƙa mata su ɗaya bayan ɗaya, cikin minti goma za ta nuna halinta. Ku kuma ɗalibanmu, idan kun tafi hutu ku tambayi iyaye da kakanni kasusuwan da suka jibge a kwali, na waƙa da na wa'azi da na biki, kafin damina da gara su riga ku. Ku kawo su mu kwashe tare, mu rubuta sunan kowane mai murya a jikin muryarsa. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu iya riƙon abin da suka bar mana, amin.